Bangon Baba

Jikka ɗari da ashirin na ƙirga a Yamai
aka miƙo mini shi cikin kwali,
bai kai girman kwanon shan fura ba.
Mai kanti ya ce, "Majigi ne mai leza,
kada yaro ya leƙa ƙwayar idonsa."
Dosso, Dogon Dutsi, Konni, har Tawa
a kan cinyata ya yi tafiya
kamar jinjirin da ba a raɗa wa suna ba.

Barira ta dube shi, ta dube ni:
"Wannan ne keken ɗinkin na biyu?"
Ban ce uffan ba. Na jira faɗuwar rana.

Daren farko muka haska bangon tsakar gida.
Jar laka ce, Baba ya ɗora ta da hannunsa,
sai mutanen fim suka fito jajaye
kamar an tsamo su daga miya.
Tsagar da damina ta bari
ta ratsa hancin jarumi har haɓa.
Tsaka ta zo ta zauna masa a goshi
tana kiwon ƙwari, shi yana rantsuwar soyayya.
Illa ya yi dariya har ya kifar da shayi.

Muka rataya zanen gado,
iska ta taso, duwatsu suka kama rawa.
Ran Lahadi na sayo farar ƙasa
na shafe bangon tun daga tushe.

Sannu-sannu na koyi halinsa.
Ba ya shiri da fitilar maƙwabta.
Muryarsa kukan akuya ma na danne ta,
sai da na ɗaura masa aure da rediyon shago.
In zafin bazara ya kai masa wuya
sai ya yi fushi ya rufe ido,
mu aza shi bisa murfin randa
Illa na yi masa fifita kamar baƙon girma.
In kuran ya tafi, batirinsa awa ɗaya da rabi ne, ba gyara.
Fim uku muka gani babu ƙarshe.
Inna ce ke ƙarasa mana su cikin duhu,
a bakinta mugu ba ya tsira,
mai bashi kuwa sai ya biya.

Yaran Bilbis sun ji labari,
kawunansu a jere bisa katanga kamar tulunan sayarwa.
Ban kore su ba. Haske ba ya raguwa don an kalle shi.

Sai wani dare Issuhu ya turo saƙo daga Abijan,
bidiyon sunan Illa, shekara tara ke nan.
Na jona salula.

Ga Baba.
Tsayinsa cif, a jikin bangon da ya gina,
goro a kumatu, yana kora mai ɗauka da hannu.

Inna ta miƙe tsaye, ta gyara mayafi.
Ba ta kira sunansa ba, ba ta taɓa yi ba.
Ta ce, "Hular nan ta karkace,
kullum sai na faɗa masa."
Illa ya matsa ya taɓa,
inuwarsa ta cinye rigar,
fuskar kakansa ta sauka a gadon bayansa.
Yaran katanga suka yi tsit.

Minti biyu ne kacal.
Sau bakwai muka mayar
har jar fitilar batir ta fara ƙyafta ido,
bango ya koma bango.
Muka jira Inna cikin duhu.
Wannan kam ba ta ƙarasa mana ba.

Da safe ina zare allura
Barira ta ajiye mini ƙyallen shadda,
ragowar ɗinkin salla.
"Ka yi masa riga," ta ce,
"hayaƙin murhu na shiga idonsa."